Dunƙule

Shekara talatin da ɗaya ina matsar tunkuza
a lungunmu na Bagalam.
Mai yana bin tsakanin yatsuna, ja kamar shayi,
kuma Maraɗi ta shaida, ƙulin Tsahara ba ya kwana a tire.

Wata Laraba, ana kiran la'asar,
muciya ta suɓuce mini.
Na duƙa in ɗauka, ƙasa ta ɗauke ni.
Na kira Hurera, bakina ya faɗi wani abu daban.

Makonnin farko hannun daman nan tsumma ne.
A ɗaga shi, ya zube
kamar jiƙaƙƙen zane daga igiya.
Nakan dube shi a kan tabarma
yadda ake duban takalmin da baƙo ya manta,
ana tunanin na wane ne.

Sai ya sake hali.
Gwiwar hannu ta lanƙwashe, ta manne a ƙirji,
yatsu suka dunƙule
kamar na yaron da ya tsinci dala a hanya.
Hannun da ya saba matsa ya tuna matsa,
ya manta saki.
Ashe saki ma aiki ne.
Shekaruna sittin ban sani ba.

Na ce wa likitan motsa jiki, duba, ƙarfi ya dawo.
Siririn yaro ne, Ilyasu, mutumin Tibiri.
Ya ce, Inna, wannan ba ƙarfi ba ne, tauri ne,
nama ne ya ɗaure don saƙo bai iso daga sama ba.
Ya ɗora hannuna a cinyarsa,
ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya,
a hankali, kamar mai ɓarar ɗanyar gujiya.
Na zage shi. Ya yi dariya. Ya ci gaba.

Litinin da Alhamis, a-daidaita zuwa babban asibiti.
Jar akuyata ce ta biya, ita da ƴaƴanta biyu.

Ba ciwon ne ya fi ci mini rai ba.
Ɗaurin zane ne, sai na jira wata ta gama shara.
Loma ce da hagu, ina juya baya ga ƙofa.
Masu dubiya ne, su zauna a gabana
su tambayi Hurera, yaya jikin nata?
Ga ni. Kunnena bai shanye ba.

Ya ba ni aikin gida: ƙorai biyu,
ɗaya da gujiya, ɗaya wayam.
Ɗauki ƙwara nan, kai can, saki.
Hagu yana ƙaiƙayin shiga sharo ba shanu,
sai na zauna a kansa.
Ranar farko gumi ya jiƙa mini wuya,
ƙwara ɗaya na kama, ta ƙi fita daga tafina
har aka yi magariba.

Gulbi ya kawo ruwa, ya janye.
An yi shuka a Jiratawa, an cire tumatir.
Ni ina nan tsakanin ƙorai biyu,
tafiyar taƙi ɗaya, ta fi mini Katsina nisa.

In na yi fushi hannun ya ƙara ɗaurewa,
in sanyin asuba ya bugo, haka.
In Hurera ta gasa shi da ruwan ɗumi, tana ba ni labarin kasuwa,
sai ya ɗan saurara.

Jiya tara na kai. Yau bakwai.
Ilyasu ya ce kada in ƙidaya kullum, ni kuwa ƴar kasuwa ce.
Bai yi mini alkawarin muciya ba,
ban kuma tambaye shi ba.

Amma ɗazu jikana Mamuda ya rugo da kuka,
kafin in yi tunani hannun ya tashi,
rabin hanya kawai, yana rawa,
yaron ya sunkuyo ya cike sauran.
Yatsu uku suka buɗe a kan gashinsa.

Hurera na can tana suya.
Daga nan ina jin ƙamshin, wutar ta yi yawa.
Bari in tashi in gaya mata.